Kafin ka aika kayan tare zafi gida

Duk wanda ya tashi a ɗakin kwano a ƙauyukanmu na wajen Ringim ya san yadda ɗaki ke komawa tanderu a watan Afrilu. Shi ya sa sabon zuwa Ingila, da zarar ya kama aikin gini ya ga abin da ake cusawa a bango da saman silin don tare zafi da sanyi, ɗakin Inna ne ke faɗo masa a rai. Ni ma haka na yi, kuma na yi kuskuren da ba na so ka maimaita, ɗan'uwa.

Na aika naɗi shida na audugar gilashi, ban yi wa kowa bayani ba. Ƙanena ya jibge su a zaure, a ƙasa. Yara suka farke leda, suka ga abu mai laushi, suka kwanta a kai. Kwana suka yi suna susa, Inna na shafa musu man kaɗanya. Da damina ta faɗi, ruwa ya shiga sauran, suka cure, ɓeraye suka yi gida a ciki. Audugar nan in ta jiƙe ba ta tare komai.

Saboda haka, ka kira gida tun kaya ba su iso ba. Ka ce a ɗora su a kan katako, nesa da bango, a ɗakin da ba ya yoyo, kada a buɗe leda sai ranar aiki. Mai aikin ya sa safar hannu, riga mai dogon hannu, takunkumi da tabarau. In ya gama ya ɗauraye jiki da ruwan sanyi, kada ya sosa.

Farin allon soso kuwa, wanda ake kira folistirin, fetur na narkar da shi, wuta na cinsa da sauri, rana kuma na rubar da shi. Kada ya kwana ɗaki ɗaya da jarkar man janareta ko kusa da murhu. Nan ƙasar ba a manta gobarar benen Grenfell a Landan ba, a 2017, inda mutum 72 suka rasu, kayan da aka lulluɓe ginin da su suka rura wutar. In da hali, ka zaɓi audugar dutse, ita ba ta kamawa.

Wajen jigila, kamfanonin jirgin ruwa girman kaya suke aunawa, kayan nan kuwa ba nauyi sai cin wuri. Ka tambayi farashi a Kano tukuna. Gwangwanin kumfa na fesawa kada ka kuskura ka sa shi a jakar jirgin sama.

Ragowar da aka ɓamɓaro daga tsohon gini, ko kyauta aka ba ka, kada ka taɓa. Tana iya ƙunsar asbestos, wani ma'adini mai zare-zare da ake sawa a kayan gini a da. Sai a 1999 aka haramta shi gaba ɗaya a nan Ingila, ƙurarsa kuma tana jawo ciwon dajin huhu bayan shekaru masu yawa.