Yadda Za Ka Riƙe Karatun Littafi a Legas Ko da Ba Ka da Lokaci

Duk wanda ya zauna a Legas ya san inda wuninsa yake tafiya: rabi wurin nema, rabi a kan titi. Shi ya sa in mutum ya ce mini yana son karatun littafi amma sai ya samu natsuwa a gida, nakan ce masa ya cire wannan daga ransa. Ka fita tun gari bai waye ba, ka dawo bayan Isha'i jiki duk ya mutu, ɗaki ɗaya kai da iyali, ga janaretan maƙwabci yana ruri a bayan taga. Ina natsuwar take? Lokacin karatunka a garin nan yana cikin mota, a tsakiyar gosulo. Ni a Agege nake zaune, a kasuwar Mile 12 nake riƙe wa wasu dillalan kayan gwari lissafi, kuma mafi yawan littattafan da na karance tun zuwana Ikko, a kan kujerar mota na karance su.

Abu na farko, ka dubi irin motar da kake shiga, domin ita za ta zaɓa maka littafi. Danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ba ta karɓar littafi mai kauri. Kun matsu huɗu huɗu a benci, gwiwarka na tokare da ƙarfe, kwandasta yana ihu a kunnenka, saboda haka ƙaramin littafi za ka ɗauka, wanda hannu ɗaya zai riƙe, mai gajerun labarai. Kafin ka buɗe shi, ka ciro kuɗin mota ka biya, ka karɓi canjinka, don in rigimar canji ta taso a tsakiyar shafi, shafin ya tafi ke nan. Ka nemi gefen taga saboda haske, ka guji bencin baya inda jijjiga ta fi yawa. Jakarka kuma ta dawo kan cinyarka, littafin a samanta, domin 'yan sane sun san mutumin da hankalinsa ya tafi wani wuri. Ka kuma riƙa ɗaga kai lokaci lokaci, kada daɗin labari ya sa ka manta da cewa "owa", wato akwai mai sauka, a tasharka.

Wasu in sun yi karatu mota na gudu sai jiri ya kama su, zuciya ta riƙa tashi. In kana cikinsu kada ka tilasta wa kanka. Ka rufe littafin da ɗan yatsanka a ciki in mota ta zabura, ka buɗe in ta tsaya. A Legas tsayuwar ta fi gudun yawa, ba za ka yi asarar komai ba.

BRT, doguwar bas ɗin nan mai hanyarta daban, ita ce ajin karatu na gaskiya. Ka sa kuɗi a katin Cowry da ake biyan kuɗin mota da shi, ka samu kujera daga Mile 12, ta bi da kai Ketu, Ojota, Maryland, Fadeyi har TBS, babu mai taɓa ka, babu maganar canji. A nan ne wurin doguwar hikaya. Jirgin ƙasan nan na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na 2024 shi ma ya yi mana rana, mu mutanen Agege, don yana sauke mutum a Yaba, inda masu sayar da littattafai suke. Asuba kuwa, lokacin da babu hasken da za a ga rubutu, na kunne ne. Labaran gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta, ana karanta su da murya, suna kuma da tsawon da ya dace da tafiyar safe.

Sai maganar me za a karanta. In ka daɗe rabonka da littafi, kada ka fara da wanda za a ce ka burge. Ka fara da wanda zai ja ka. Ni duk wanda ya tambaye ni, Magana Jari Ce nake fara miƙa masa. Abubakar Imam ya rubuta shi a ƙarshen shekarun 1930, juzu'i uku ne, kuma an gina shi labari bayan labari daga bakin aku, ta yadda za ka gama guda tsakanin tasha da tasha ka rufe ba tare da an bar ka a rataye ba. Da yawanmu mun karanta shi a firamare muna haddar amsar jarrabawa. Ka sake karanta shi yanzu da girmanka, ka ji yadda mutumin nan yake ɗora jimla a kan jimla, ba kalma ɗaya da ta yi saura. Kunnen da ya wuni yana jin buroka da Yarabanci yana bukatar irin wannan Hausa.

Daga nan ka koma kan littattafan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, wadda wani Bature, Rupert East, ya shirya daga Zariya. Ruwan Bagaja, shi ma na Abubakar Imam, na ranar da ranka ya ɓaci ne, domin tsiyar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke shuka wa juna sai ta sa ka dariya a cikin mota har na kusa da kai ya waiwayo. Ganɗoki na Bello Kagara na masu son labarin yaƙi da jarumta ne. Amma wanda na fi riƙewa a zuciya shi ne Shaihu Umar. Labarin yaro ne da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin bauta, aka ƙetare Sahara da shi, ita kuma ta bazama nemansa. Siriri ne, Hausarsa babu ado, amma duk wanda ya bar uwa a Arewa ya zo nema Kurmi, akwai shafukan da sai ya ajiye littafin ya yi shiru. Wanda ya rubuta shi malamin makaranta ne a lokacin, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Minista ya zauna a garin nan. Filin TBS da BRT take sauke ka, wato Tafawa Balewa Square, sunansa ne. Mutane nawa ne cikinmu suke sauka a wurin kullum ba su taɓa buɗe littafinsa ba?

Kada kuma wani ya raina maka littattafan soyayya na Kano. Ni na karanta su, ina kuma karantawa. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya koya wa dubban mutane son karatun Hausa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu kuwa duk magidanci ya kamata ya karanta shi, ya ga yadda gida yake zama in namiji ya juya wa iyalinsa baya. So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, shi ya share wa mata marubuta hanya. Akwai tarkace a cikin wannan fanni, babu musu, amma wanda ya karanta da yawa shi yake iya tsincewa.

In ba ka samu kujera ba, kana tsaye riƙe da ƙarfe, waƙa ce abokiyar tafiya. Ka kwafi baiti biyu ko uku na Imfiraji ta Aliyu Namangi a 'yar takarda, ka leƙa, ka mayar aljihu, ka yi ta rerawa a zuci. Da yayyafi kogi kan cika.

To, ina ake samun su? Nan ne aikin yake. Littattafan Turanci ba su da wuya: masu gwanjon littafi suna nan a Yaba da Ojuelegba sun baza a ƙasa, ga kantin CSS a titin Broad kusa da tashar CMS, ga kuma bikin littattafai da ake yi duk Nuwamba a Freedom Park. A wurin 'yan gwanjo ka taya ƙasa sosai, kuma ka duba shafin ƙarshe kafin ka biya, ka kuma bubbuɗe shafukan tsakiya da babban yatsa, don bugun jabu yakan tsallake shafuka ko ya maimaita su. Littattafan addini ma ana samu, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Arba'una Hadisi, a wurin masu shimfiɗa a bakin masallatan Juma'a na unguwanninmu. Amma littafin hira na Hausa, sai dai a yi saƙo.

Ga yadda nake yi. Kullum motocin tumatir da albasa suna shigowa Mile 12 daga Arewa. Ka samu direba ko yaron mota da kuka saba, ko ɗan'uwa da zai dawo bayan Sallah. Kada ka faɗa masa da baki. Ka rubuta sunan littafin da na marubucin a takarda, ka ɗauki hotonta ka tura masa ta WhatsApp. Ka ce a duba kasuwar Sabon Gari a Kano, tsofaffin nan kuwa bugun NNPC ne, kamfanin ɗab'in littattafai na Zariya, a tambaya da wannan sunan. In littafin mai kashi kashi ne, ka jaddada cewa a haɗo na ɗaya har na ƙarshe, in babu cikon a bar shi, domin babu abin da ya kai ka gama kashi na biyu a Ojota alhali na uku yana Kano ciwo. A naɗe su a leda biyu, a sa a gaban mota wurin direba, kada su kusanci kwandunan tumatir. Idan kaya sun iso ka ba shi na goro da fuska a sake. "Sannu da hanya, Alhaji, Allah ya saka da alheri," da ɗan abin da ya samu, shi zai sa gobe ma ya karɓi saƙonka.

Bayan sun zo hannunka, sai tsaron su. Iskar Legas ba irin ta gida ba ce. A Kano ka ajiye littafi shekara goma, ƙura kawai za ka kaɗe. A nan damina ɗaya ta isa ta sa takarda ta yi laushi, funfuna ta fito mata, ƙusar da aka ɗinke littafin da ita ta yi tsatsa ta ci tsakiyarsa. Kada ka ajiye littafi a ƙasa ko ka jingina shi da bango, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Ka samu bokitin roba mai murfi, ka jefa ƙwayoyin kafur saboda kyankyaso. Ranar da rana ta buɗe ka fito da su su sha iska a inuwa. Wanda kake yawo da shi kuma ka yi masa riga da takardar kalanda, ya zauna cikin leda a jaka, don ruwan Legas ba ya sallama.

Kuɗi ma abin dubawa ne, shi ya sa muke yin adashin littafi. Mutum biyar ko shida da kuke haɗuwa a masallaci ɗaya sun isa. Kowa ya sayi guda, a yi musaya bayan sallar Juma'a. Amma dole a samu mai riƙe da rajista, ya rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya ɗauka, kuma ba a ba mutum sabo sai ya dawo da na hannunsa. In ba a yi haka ba, kunya za ta cinye littattafan, kowa yana jin nauyin tambayar ɗan'uwansa. Wanda ya ɓatar ya sayo madadinsa. A faɗi wannan sharaɗi tun ranar farko, kowa ya amince, don kada ya zama abin ɓacin rai daga baya. Matan gida ma su shiga ta hannun mazajensu ko su kafa nasu, don a gidaje da yawa su ne suka fi mu karatu.

Karatu a waya ban hana ba, marubuta da yawa yanzu a WhatsApp da Wattpad suke sakin labaransu. Sai dai ka sauke abin da za ka karanta tun a gida, ka kashe data kafin ka fara, in ba haka ba saƙonni za su yi ta fizgar ka. Kada ka riƙe waya a bakin taga cikin gosulo, ana wafcewa. Littafin takarda kuwa ban taɓa jin an wafce ba. In marubuciya ta sa kuɗi a kan littafinta, ka biya ta, kada ka karɓi wanda aka tura maka ta bayan fage. Guminta ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yaranmu da aka haifa a nan. Suna jin Hausa, suna mayarwa da buroka, ka miƙa musu takardar Hausa su yi ta in'ina. Wannan karatun kam a gida za a yi shi, kuma ba ya bukatar natsuwa mai yawa. Tsakanin Magariba da Isha'i ranar da kake gida, ko da daren Asabar, ka zaunar da su ka karanta musu labari guda daga Magana Jari Ce da murya, kana sauya murya in sarki ya yi magana, kana sauyawa in aku ya karɓa. Ka tsaya a daidai inda ya fi daɗi ka ce sai gobe. Bayan 'yan makonni ka miƙa wa babban cikinsu ya karanta sakin layi ɗaya, ka nuna masa haruffa masu lanƙwasa da ba a koya masa a makarantarsu ba. In ya yi tuntuɓe kada ka yi masa tsawa, kada kuma ka bari ƙannensa su yi masa dariya. Ka maimaita masa jimlar daidai, ya biyo ka, ku wuce ta gaba.