Idan tsohuwar a-kori-kura ta daina ja kwatsam: kurakuran da muke yi

Kusan duk sati sai na ga wani ya kawo tsohuwar Hilux ko 504 pickup gareji a Farin Gada, Jos, yana cewa oga jiya lafiya lau take, yau kuma ta ƙi ja, sai jijjiga take tana mis, wato wata silinda ba ta kama wuta daidai. Wlh abin da ke ɓata min rai shi ne kuɗin da ake ƙonawa kafin a gano ciwon.

Babban kuskuren dai shi ne saurin cewa a sauke inji. Ka tambayi kanka, a hankali ƙarfin ya riƙa raguwa ko rana ɗaya ne? Rin da fistin ba sa cinyewa a dare ɗaya, watanni suke yi mota na shan baƙin mai tana hayaƙi. In kwatsam ne to abu ɗaya ne ya lalace, kuma yawanci ba mai tsada ba ne. Ni kaina ya taɓa cina, na ɗauko lodin dankali daga Bokkos na kai Abuja, a dawowa mota ta shaƙe min a Hawan Kibo, ina taka totur kamar tana roƙona in bari. Wani bakanike ko bonet bai gama buɗewa ba ya ce inji ya tafi. Da na lallaɓo gida ashe fiyul filta, wato matatar mai, ce ta toshe da tsatsar tanki.

Shi ya sa nake cewa a fara da mai. A ina ka sha na ƙarshe? In a galan ka saya bakin hanya, zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye, in da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Alamar ƙarancin mai kuma a fili take, mota na silo lafiya a tsaye amma da ka hau tudu ko ka ɗora kaya sai ta fara katsewa. Filta tukuna, sannan fiyul fam. Kuma don Allah a daina hure tsohuwar filta da baki ana mayarwa, sannan in tanki na da datti a sauke shi a wanke, in ba haka ba sabuwar ma sati biyu za ta yi. Masu injin dizal na Hilux irin 3L da 5L ku ƙara da duba ko iska na shiga layin mai, ɗan tsagewar tiyo ya isa ya sa ta yi ta shaƙewa.

Sai masu canza filogi huɗu, waya, kwayil, duk a lokaci ɗaya ba tare da an gwada komai ba. Ko ta gyaru ba ka san me ya gyara ta ba. Bar inji na aiki, ka zare wayar filogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai roba a hannu, wadda ka zare sautin inji bai canza ba to wannan silindar ce ba ta aiki. Ciro filoginta ka kalla: baƙi a bushe mai ya yi yawa, jiƙe da baƙin mai matsalar ciki ce, fari fat kuma mai bai isa ba. Lokacin damina a buɗe hular distirbuta ma, wato mai raba wa filogi wuta, danshin Jos na taruwa a ciki. In an cire wayoyi a kula da jerinsu, 1-3-4-2 ne a injinan fetur na Hilux da 504 masu silinda huɗu, na sha ganin yaran gareji sun juya biyu an kwana ana neman ciwo.

Kar a taɓa sukurun kafireta ko a juya distirbuta da ka kafin a duba eya kilina, wato matatar iska, musamman da ƙurar hunturu. Mota ta zo da ciwo ɗaya sai ta koma da uku.

Akwai wanda mutane ke mantawa da shi gaba ɗaya, salansa. Motocin da ke da katalis, wato abin tace hayaƙi da ke layin salansa, in ya narke ya toshe, hayaƙi ba ya samun hanyar fita, mota za ta tashi lafiya amma ba za ta yi gudu ba. Sa hannu kusa da bakin salansa wani ya taka totur, in iskar ba ƙarfi ka samu bakin zaren. Hayaƙin ma a karanta shi, baƙi mai ne ya fi iska yawa, shuɗi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi ga ruwan lagireto na raguwa, wannan gasket ɗin kan inji ne ya lalace, a kashe ta kawai. Farin tururin sanyin safiya kam ba komai ba ne.

Wani lokacin ma ba injin ba ne. In yana kuka sosai amma mota ba ta gaba, kuloci ne ke zamewa. In ƙafar mota ɗaya ta yi zafi bayan gajeriyar tafiya, birki ne ya riƙe.

Baƙi masu hawowa daga Abuja kuma ku sani Jos ta haura mita 1,200 a sama, iska ba ta da kauri, injin da ba turbo dole ya ɗan rage ƙarfi, amma wannan ba ya sa mis ko jijjiga. In an bi duk waɗannan ba a samu komai ba, sai a auna kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska, na kowace silinda a duba taimin, abin da geji ya nuna shi zai ce a buɗe inji ko a bar shi.