Sa'a ta Uku da Makonnin Jira: Yadda Ake Jure Jarrabawar Akanta

Na zauna wa jarrabawar ƙwararrun akantoci, yanzu kuma ina taya masu tasowa shiri, kuma ba abin da ke ci mini rai kamar in ga wanda ya san aikin ya faɗi. A aji ba tambayar da ke gagararsa. Amma in ka ɗauki takardar gwajinsa za ka tarar amsar farko tsaf-tsaf, ta biyu da dama-dama, ta ƙarshe kuwa kanun magana ne kawai da layi huɗu a ƙasa. Ilimin yana nan daram, kai ne ya ɗauki zafi kafin lokaci ya cika.

Jarrabawowin nan dogaye ne da gaske. Manyan takardun ACCA, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci mai hedkwata a Birtaniya, sa'a 3 da minti 15 ne kowacce. Ta CPA ta Amurka, wato jarrabawar samun lasisin ƙwararren akanta a can, kowane sashe sa'a 4 ne. A Kanada jarrabawar ƙarshe ta CPA kwana 3 ake yi a jere, rana ta biyu kuma sa'a 5 ce cur. Ga shi yawancin masu zaman ma'aikata ne, sun kwashe watanni suna karatun dare bayan an tashi daga ofis, wato tun kafin su shiga zauren da gajiyarsu suka zo.

Ka fara sanin abin da gajiya ke fara taɓawa. Ba ilimin da ka haddace take gogewa ba, hukuncinka take lalatawa. A 2022 wasu masu bincike a birnin Faris na Faransa sun sa mutane aikin da ke cin tunani na kusan sa'a 6, suka tarar wani sinadari da ake kira gulutamet ya taru a sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da kame kai da tsara aiki. Suka kuma lura waɗanda suka gaji sun fi karkata ga zaɓin da ba wahala, mai biya nan take. Duk wanda ya taɓa kaiwa sa'a ta uku a zaure ya san wannan a jikinsa. Ka karanta sakin layi ɗaya sau uku bai shiga ba. Yatsanka ya buga 68 a kalkuleta alhali 86 ne a rubuce. An ce ka tantance, ka ɓige da jero abin da ka haddace domin shi ne mai sauƙi. Jadawalin kadarori da basussuka ya ƙi daidaita, ka kafe a kansa minti ashirin kana farautar bambancin da bai wuce maki ɗaya ba, tambaya mai maki 25 tana can tana jiranka.

Saboda haka dabarata ɗaya ce, kuma a kanta duk sauran suka rataya: duk shawarar da za a iya yankewa tun kai na sanyi, a yanke ta tun a gida. Kada ka bar wa gajiyayyen kanka komai ya zaɓa.

Tun daga gida

Ka raba lokacin tun kafin ranar. Ɗauki takardun zaɓi na matakin ƙarshe na ACCA misali: minti 195, maki 100, tambaya ɗaya mai maki 50 da biyu masu 25-25. In ka ware minti 15 na karanta buƙatun tambayoyi da tsara amsa, saura 180, wato minti 1.8 ga kowane maki. Babbar tambaya ta samu minti 90, ƙananan kowacce 45. Tunda agogon da ke fuskar kwamfuta ƙasa yake ƙirgawa, lambobi uku kawai za ka riƙe: 180 na fara rubutu, 90 na bar ta farko, 45 na bar ta biyu. Da ka zauna, rubuta su a takardar da aka ba ka ko a wurin rubutun wucin gadi na kwamfutar. In lambar ta zo, ka wuce, ko kana tsakiyar jimla. Na san da zafi. Ɗalibai kan ce mini, "Malam, ai minti biyar kawai nake buƙata in ƙarasa." Minti biyar ɗin nan a ƙarshen tambayar da ka riga ka tatse da ƙyar ya ba ka maki ɗaya, amma a farkon sabuwar tambaya, inda makin sauƙi ke zube, zai iya ba ka uku.

Sai gwaji cikakke. Yawancin masu shiri suna karatu ne gutsure-gutsure, minti arba'in yau, sa'a ɗaya gobe, da waya a gefe. Hakan na gina ilimi amma ba ya gina juriya. Mai shirin tsere mai nisa ba ya gwada ƙafarsa da zagayen gida kaɗai. A makonnin ƙarshe ka zauna wa takarda sukutum, daga farko har ƙarshe, a daidai lokacin da za a yi ta gaske, a kan kwamfuta, waya a wani ɗakin, ba tashi. Ba makin da ka samu ne kaɗai abin dubawa ba. Ka lura da inda kanka ya fara dushewa. Wani a minti na 100 ne, wani sai ya haura 140. In ka san naka, ka san inda za ka ajiye hutunka, kuma in ya zo maka ranar ba zai firgita ka ba.

Jerin da za ka bi wajen amsawa ma ka tsayar da shi yanzu. Ni ina ganin tambayar da ta fi buƙatar tunani da rubutu ta cancanci kanka na safe, lissafin da hannunka ya saba kuma ya iya jira. Wasu malaman suna cewa a fara da mai sauƙi don zuciya ta kwanta, kuma suna da hujjarsu. Gwada duka biyun a gwaji, ka zaɓi ɗaya, kada ka sake shawara a zaure. Mai zaman CPA ta Amurka kuwa ya tuna cewa kashi biyar ne a kowane sashe, kuma in ka miƙa kashi ɗaya ba ka komawa gare shi, don haka rabon lokacinsa kashi-kashi zai kasance.

Barci kuma ba na daren jarrabawa kaɗai ba ne. Daren nan mutane da yawa ba sa samun barcin kirki, kuma dare ɗaya ba ya rushe mutum in sauran makon ya samu sa'a bakwai ko fiye. Abin da ke rushewa shi ne mako guda na kwana ido biyu. Kofi yakan ɗauki kimanin sa'a 5 kafin rabin ƙarfinsa ya bar jiki, wanda ka sha da yamma yana nan tare da kai a kan gado. Ranar jarrabawa ka sha gwargwadon abin da ka saba, ka ci abin da cikinka ya sani, kada ka gwada sabon abu.

A cikin zaure

Hutu na cikin aikin. A CPA ta Amurka akwai hutun minti 15 bayan kashi na uku wanda agogo ke tsayawa dominsa. Ka karɓe shi ko da kana jin garau, ka tashi, ka miƙe jiki, ka wanke fuska, ka sha ruwa. Inda agogo ba ya tsayawa, ka yi ɗan ƙaramin hutu a kujerarka tsakanin tambaya da tambaya: sauke hannu daga madannai, ɗauke ido daga fuskar kwamfuta ka kalli nesa, saki kafaɗunka, ja numfashi a hankali sau biyar, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Duka bai kai minti ɗaya ba. Dokar shiga da ruwa da ta fita bayi ta bambanta daga hukuma zuwa hukuma, ka karanta taka tun da wuri.

In ka ji kan ya toshe, kada ka ci gaba da maimaita karatun labarin kamfanin da aka gina tambayar a kansa. Koma kan abin da aka nema, ka rubuta shi da kalmominka a layi ɗaya: wa nake rubuta wa, me yake so, maki nawa ne. Sannan ka rubuta batu guda, ko wane iri. Hannu in ya motsa, kai kan biyo shi.

Ga kuma abin da nake so kowane ɗalibi ya yarda da shi har zuciya. A tambayoyin da ake rubuta amsa, masu ba da maki a ACCA suna bin hanyar da ka bi. In ka yi kuskure a lamba ɗaya a sama, sannan ka yi aiki da ita yadda ya kamata a ƙasa, sau ɗaya za a hukunta ka, sauran makin naka ne. Sharaɗin shi ne a ga aikinka a fili. Don haka in jadawali ya ƙi daidaita, ka bar shi haka, ka yi sharhi a kan lambobin da ka samu, ka wuce. Maki 50 ake nema a ci, ba 100 ba. A CPA ta Amurka kuma 75 ne, a kan ma'aunin da ya tsaya a 99, kuma ba kashi 75 cikin ɗari na tambayoyin ake nufi ba. Babu wanda ya ce sai ka amsa komai daidai.

Bayan an fito

Nan ne wahala ta biyu ke farawa, kuma ba a cika shirya mata ba. Da ka fito ƙofa za ka ji wani yana cewa, "Kai, nawa ka samu a ta biyu?" Ka yi masa fatan alheri ka kama hanya. Lambarsa ba ta tabbatar da komai, shi ma a gajiye ya samo ta. Wasu hukumomin ma, kamar ta CPA, sun hana bayyana tambayoyin gaba ɗaya. Kuma kada ka yarda da hukuncin da ka yanke wa kanka a wannan yammacin. Tambayoyin da suka ba ka wuya su ne ke maƙalewa a rai, waɗanda ka amsa cikin sauƙi tuni ka manta da su, sai lissafin ya fito a karkace.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne, washegari su ɗauki takarda guda su rubuta abu uku: inda lokaci ya kuɓuce, batun da ya zo musu a ba-zata, da abin da za su sauya. Su ninke ta su ajiye. Daga nan duk sanda zuciya ta ɗauko maganar tambaya ta uku da tsakar dare, amsar ita ce an riga an rubuta, tana cikin aljihun tebur.

Sakamakon ACCA kan ɗauki kimanin mako 6. Kate Sweeny, wata malamar nazarin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside, ta bi diddigin masu jiran sakamakon jarrabawar zama lauya a jihar, waɗanda kan jira wata huɗu. Ta tarar damuwar ba a shimfiɗe take ba: tana da ƙarfi a farko, ta lafa a tsakiya, ta sake tashi sosai in ranar ta matso. Sanin hakan kaɗai yana rage nauyi. In saura kwana uku ka ji gabanka na faɗuwa, ba alama ce ta cewa ka faɗi ba, haka jira yake yi wa kowa. Ta kuma tarar abin da ya fi taimakawa shi ne aikin da ke haɗiye hankalin mutum ɗungurungum har ya manta da agogo. Zaman jujjuya waya ba ya cikin wannan. Aikin hannu, motsa jiki, koyon wani abu mai ɗan wuya, koyar da wani, duk suna ciki. Ka zaɓi naka ka sa masa lokaci a mako, domin sa'o'in da karatu ya saba cikewa yanzu sun zama fili, kuma damuwa ce ke fara shiga fili.

Ranar fitar sakamako a rubuce take tun da wuri a shafin hukumar. Sa ta a kalanda, ka daina leƙa shafin kullum. Sannan, tun kana cikin kwanakin tsakiya masu sauƙi, ka tsara hanya biyu a rubuce. In na ci, takarda kaza ce ta gaba, zan fara ranar kaza. In ban ci ba, zan sake zama a zango kaza, ga kuɗin rajista na ware, ga wanda zan fara gaya wa. ACCA na zama sau huɗu a shekara, Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma tsakanin fitar sakamako da rufe rajistar zango na gaba ba nisa, don haka wanda bai shirya ba zai yanke shawara ne cikin ɗacin rai. Game da fara karatun takarda ta gaba kafin sakamako, ni ina goyon baya, amma bayan hutu na gaske na mako ɗaya ko biyu.

'Yan uwa da abokan aiki za su yi ta tambaya, don suna ƙaunarka ne. Ka ba su amsa ɗaya: "Sai ranar kaza, in ya fito ni zan faɗa muku." In kuwa rashin barci, bugun zuciya ko rashin cin abinci ya wuce mako biyu yana hana ka aikinka, wannan ya wuce zullumin jarrabawa, ka ga likita, ba abin kunya a ciki.

Ranar kanta, ka zaɓi wurin da za ka buɗe saƙon, ba a tsakiyar taron ofis ba, ba kana tuƙi ba. In an ci, ka yi murna sosai, ka cancanta. In maki 46 ko 48 ne ya fito, ka ba kanka kwana biyu ba ka yanke komai ba. A rana ta uku ka ɗauko takardar nan da ka ninke, ka ajiye ta kusa da rahoton masu jarrabawa da ACCA ke wallafawa kan takardunta, ko rahoton da ake ba wanda bai ci CPA ba mai nuna inda ya yi rauni. In batu ne ba ka sani ba, karatu za ka ƙara. In lokaci ne ya ƙare maka, maimaita littafin daga shafin farko ba zai gyara komai ba, zaman gwaji na sa'a uku da agogo a gabanka za ka yawaita.