Kurakuran iyaye idan yaro ya wuce sa'o'insa a ajin nazare

Da zarar ɗan shekara 5 ya fara karanta rubutun jikin gwangwanin madara, abin da ke fara zuwa ran uba shi ne a tsallakar da shi aji. Na gaji da ganin ana maimaita wannan kuskure, domin ni na ɗanɗana kuɗarsa. Na matsa lamba har aka ɗauke 'yata daga nazare aka kai ta aji biyu na firamare, alhali ƙwaƙwalwarta ce ta yi gaba, yatsunta ba su riga sun yi ƙwari ba. Malam zai cika allo da rubutu, sauran yara su kwafe su fita tara, ita kuwa tana layi na uku tana share hawaye da gefen hijabi. Kafin zangon karatu ya ƙare, kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Ban kuma yi lissafin gaba ba, domin yaron da aka riƙa tsallakarwa yakan gama sakandare yana ɗan shekara 14, ya tarar hukumar JAMB ta tsaya a kan shekara 16 kafin shiga jami'a, sai ya yi zaman jira a gida.

Da ƙaninta ya taso, sai na roƙi a bar shi cikin sa'o'insa, a riƙa ba shi littafin labari lokacin da ake koya wa sauran baƙaƙe, ya shiga aji ɗaya don darasin lissafi kaɗai, ya dawo wurin abokansa.

Kuskure na biyu shi ne wuce malamar aji a nufi ofishin mai makaranta kai tsaye, kuma shi ma na aikata. Haba jama'a! Baiwar Allah tana fama da yara fiye da 30, wannan na kuka, wancan na neman bayi, ka kai ƙararta tun ba ka gaishe ta ba, sannan ka sa ran za ta zauna ta shirya wa ɗanka aiki na daban? Yanzu nakan je bayan an tashi, ɗauke da littattafan da yaron ya karanta a gida, in ce: "Malama, sannu da ƙoƙari, ga abin da muke gani a gida, ke me kika lura da shi?"

Kada kuma a ɗauki hadda a matsayin fahimta. Wanda ya jero jihohi 36 da manyan biranensu, a karanta masa labari a tambaye shi dalilin abin da ya faru a ciki. Ninka masa jinga iri ɗaya hukunci ne kawai. Duk abin da aka amince a kai da malamar aji a rubuta shi, saboda ana yawan sauya malamai. Malamin lesin da na ɗauka wa yaron bayan an taso Islamiyya kuwa, ni na sallame shi tun a watan farko.