Kurakuran da ake yi wajen biyan kuɗin lasisin Windows

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya biya kuɗin abin da yake da shi tun farko. Tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, kamfanoni irin su HP, Dell da Lenovo suna dasa makullin lasisi a cikin babban allon da ke cikin kwamfutar (motherboard), ba a jikin sitika ba kamar da. Laftof da yawa da ake shigo da su na hannu suna ɗauke da nasu. Sai a kai wa mai gyara ya yi fomat, ya ɗora Windows Pro a kan na'urar da lasisinta na Home ne, rubutun nan na "Activate Windows" ya bayyana a ƙasan fuska ta hannun dama, mai ita ya ɗauka dole sai ya sayi sabo. Alhali da an sake ɗora irin wadda ta zo da ita, an haɗa ta da intanet, da kanta za ta kunnu. Don haka kafin a goge komai, ka shiga Settings ka duba wace iri ce a kai, ka faɗa wa mai gyara.

Sai makullan arha da ake tallatawa a intanet. Microsoft na sayar da Windows 11 Home a kan dala 139, Pro kusan 200. Wanda ya ba ka a kan kuɗin katin waya fa, daga ina ya samo? Sau da yawa makullin da aka sayar wa wata ma'aikata ne a dunƙule, ake tsinka shi wa mutane barkatai, kuma ana iya toshe shi kowace rana. Rubuta slmgr /dli a Command Prompt (wurin rubuta wa Windows umarni), za ka ga ko lasisinka OEM ne (wanda ya zo da kwamfutar daga kamfani), ko Retail (wanda mutum ya saya daban), ko Volume (na ma'aikatu da ake sayarwa a dunƙule). In kwamfutar gida ta nuna Volume, akwai alamar tambaya.

Mafi haɗari shi ne 'yar manhajar da ake kunna Windows da ita ta bayan fage. Tana kwaikwayon tsarin kunna lasisi mai suna KMS na ma'aikatu, wanda ke buƙatar sabuntawa duk kwana 180, kuma sau da yawa sai an kashe kariyar kwamfuta kafin ta shiga. A na'urar da kake shiga asusun bankinka! In babu hali, ɗora Ubuntu ko Linux Mint a madadin Windows, kyauta ne kuma halal.

Lasisin OEM a jikin kwamfutarsa yake zama, ba ya bin ka zuwa sabuwa. Na Retail ne ake iya mayarwa wata. Office kuma kuɗinsa daban.

Mai shirin sayen ta hannu ya sani cewa Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Komawa 11 kyauta ne ga mai lasisi na gaske, amma sai na'urar tana da sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesan da aka amince da shi. A sa mai shago ya nuna maka wannan tun kana tsaye a gabansa, kafin ka miƙa kuɗi.