Babi na 6: Gyaran Tsohon Gidan Ƙasa da Yaɓe

Darasi na 1: Duba gida

Iyayena da ƴan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Ku karanta a hankali, ba a sauri a nan.

Gidan ƙasa ba abin kunya ba ne. Gidan Makama na Kano da ƙasa aka gina shi, haka ma babban masallacin Agadez, kuma suna nan tsaye saboda ana yi musu yaɓe. Yaɓe shi ne shafa kwaɓaɓɓiyar ƙasa a jikin bango, ta zama masa riga.

A yi aikin nan da rani, tun kafin ruwan farko. Ku zaga gidan. Ku duba gindin bango, nan ne ruwa ya fi ci. Ku duba ƙarƙashin indararo. Ku ƙwanƙwasa bango da hannu. Inda ya yi ƙara kamar ganga, tsohon yaɓen ya saki, sai a kankare shi. In akwai siminti a jiki, a ɓamɓare shi. Siminti yana tsare laima a cikin bango, ƙasar ta ruɓe a bayansa ba ku sani ba.

Darasi na 2: Kwaɓi da jiƙa bango

Ku samo jar ƙasa mai danƙo. Ku tsince duwatsu. Ku zuba ruwa da yankakkiyar ciyawa, ku tattaka da ƙafa har ta haɗu. Ciyawa ita ce ke hana tsagewa. Ku bar kwaɓin ya kwana biyu ko uku ya tsima.

Ku fara gwadawa a wuri kaɗan, kamar faɗin faifai. Washegari ku duba. In ya tsattsage, danƙo ya yi yawa, a ƙara yashi da ciyawa. In yana marmashewa, a ƙara jar ƙasa.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa. Kafin ku ɗora yaɓe, ku jiƙa bango.

A sake karantawa: ku jiƙa bango.

Busasshen bango yana da ƙishirwa. Da kun manna masa ɗanyar ƙasa, sai ya zuƙe ruwanta nan take. Yaɓen zai bushe bai kama ba, ruwan farko ya zubar da shi. Saboda haka ku share ƙura da tsintsiya. Ku tsoma tsintsiyar a bokiti, ku yayyafa ruwa. Ku dakata kaɗan ya sha. Ku sake yayyafawa. Ku taɓa da tafin hannu: in akwai sanyi da laima, ya yi. In ruwa yana gangarowa, ya yi yawa, ku jira.

Kada ku jiƙa bangon duka lokaci ɗaya. Ku jiƙa iya inda hannunku zai kai, ku yaɓe, ku matsa gaba, ku sake jiƙawa. An kira salla kun tafi kun dawo? Ku sake jiƙawa.

Wanda ya manta sau ɗaya, ba komai, kowa da haka ya koya. Amma na ga waɗanda na faɗa wa sau uku a aji, na je gida na tarar suna yaɓe a kan ƙura. Haba jama'a! Ruwan bokiti ɗaya kuke ƙyashi, ku yi asarar wahalar mako guda? Ku rubuta a littafinku sau biyar: Zan jiƙa bango kafin yaɓe.

Darasi na 3: Ɗora yaɓe

Kun jiƙa bango? To madalla. Ku fara cike ramuka da tsaga, ku bari su bushe. Sannan ku sake jiƙa bango, ku ɗebi ƙasa, ku maka da ƙarfi, ku shafe da tafin hannu. Kaurin kada ya wuce yatsa. In ana son ƙari, a bar na farko ya bushe, a jiƙa shi, a ɗora na biyu. Da safe ko da yamma ake yi, tsakar rana tana tsaga shi.

Darasi na 4: Makuba

Makuba ɓawon ɗorawa ce da ake dakawa. A jiƙa ta, a kwaɓa yaɓen ƙarshe da ruwanta. Tana taimaka wa bango ya jure ruwan sama.

Darasi na 5: Kulawa

Kowace shekara kafin damina a duba rufin soro, a share indararo, a toshe tsaga.