Golden Axe: kurakuran da sababbin 'yan wasa ke ta maimaitawa

Tun da tsofaffin gem na Sega suka dawo a waya da kwamfuta, samari da yawa sun waiwayi Golden Axe, kuma kusan duk wanda na tsaya a bayansa ina kallo, abu ɗaya ke kashe shi. Yana mutuwa sai ya ajiye hannun gem ya ce wasan ne ke da maguɗi. Babu wani maguɗi. Kamfanin Sega na Japan ne ya fitar da shi a 1989 don injinan tsaye da ake jefa wa sulalla a shagunan wasa, kuma Makoto Uchida ne ya tsara shi, mutumin da ya yi Altered Beast a 1988. Irin waɗannan injina an ƙera su ne don su cinye kuɗin mai garaje. Wanda ya natsu zai kai fadar Death Adder, babban mugun wasan, bai zazzage aljihunsa ba.

Kuskuren da ya fi kowanne cin rai shi ne tsayawa wuri ɗaya ana ta dannan maɓallin sara. Duba abin da ke faruwa in ka kama abokin gaba guda: sara, sara, sai jarumin ya shiga ƙwala masa gindin takobi a ka, sannan ya ƙarasa shi da shuri ko ya ɗaga shi ya yi jifa da shi. Akwai daɗin kallo, ban musa ba. Amma duk tsawon wannan lokaci ƙafarka a kafe take, bayanka kuma a buɗe. Su kuwa mutanen Death Adder ba sa bin layi su zo ɗaya bayan ɗaya. Ɗabi'arsu ce wani ya tare gabanka, wani ya zagaya ta baya, yana daidaita da kai sai ya sheƙo da gudu ya bangaje ka. Ka faɗi, ka tashi, ka tarar sun sa ka a tsakiya, mai kulki ta nan, mai sandar ƙarfe ta can. Kafin ka ankara jini ya tafi. Wannan abu ya cinye mini rayuka ba adadi a ƙauyen da ke bayan ƙaton kunkuru, tun ma ba inda matan nan masu gatari suke fitowa ba, kuma na daɗe ina ɗora wa hannun gem laifi.

Gyaran ba a yatsan sara yake ba, a ƙafa yake. Filin wasan yana da sama da ƙasa, kuma ba mai iya taɓa ka sai wanda kuke layi ɗaya da shi. Saboda haka ni ba na tafiya miƙe. Ina haurawa sama, in gangaro ƙasa, in zagaye su har sai duk sun taru a gefe guda, sannan in fara aiki. In kuwa ba su taru ba, ba na fara dogon sara sam. Danna gaba sau biyu da sauri jarumi zai ruga, ka haɗa da sara, kuma kowanne cikin jarumai ukun da ake zaɓa da irin tasa: Ax Battler ya kai kafaɗa, Tyris Flare ta tashi da shuri, wadan nan Gilius Thunderhead ya kai karo da hular ƙahonsa. Duk wanda ya samu sai ya kai ƙasa. Ba ta cin jini da yawa, shi ya sa yara ke raina ta, amma tana ba ka abin da ya fi jini tsada, wato sarari. Ka kayar da na dama, ka juyo ka kayar da na hagu, ka koma. Wasu na cewa wannan wasan ragwaye ne. To, su ci gaba da jarumta suna zuba sulalla.

Akwai kuma sarar baya, wadda ake yi da danna tsalle da sara lokaci guda. Na ga wanda ya gama wasan kaf bai san da ita ba. Ax da Tyris juyawa suke su shata takobi ta baya, Gilius kuma ya mirgina ya soki na bayansa. Ita ce maganin mai laɓowa.

Na biyu, wanda ke ɓata mini rai fiye da na farko, shi ne yadda ake wasa da tulunan sihiri. Tulunan nan shuɗaye ana samunsu ne daga 'yan ƙananan ɓarayi masu buhu a kafaɗa, ka shure su su saki. Masu shuɗin kaya su ke da tulu, masu koren kaya nama suke saki, wanda ke ƙara jini. Abin da mutane ba sa tsayawa su gane shi ne jaruman uku ba ma'auni ɗaya ne da su ba. Gilius tulu 4 kacal yake ɗauka, tsawarsa hawa 3 ce. Ax yana ɗaukar 6, hawa 4. Tyris ke ɗaukar 9, hawa 6, kuma sai ta cika taf sannan kan dodon nan ke leƙowa ya share fili da wuta. Sannan a wannan wasa na farko, danna maɓallin sihiri sau ɗaya yana kwashe duk abin da ka tara. Sai a Golden Axe II na 1991 aka ba mutum damar zaɓar yawan da zai kashe.

To sai ka ga mutane kashi biyu, kuma duka a ɓace suke. Akwai mai firgita: ya ga ƙwarangwal biyu sun taso, ya saki sihirin Tyris da tulu 3, ɗan tartsatsi ya tashi, su miƙe su karkaɗe jiki su ci gaba da dukansa. Akwai kuma marowaci, wanda ya riƙe Gilius, ma'auninsa ya cika tun a daji, yana ta tsintar tulu a banza kamar mai zuba ruwa a randar da ta riga ta cika, wai yana ajiya don bos, wato babban maƙiyi, na ƙarshe. Haba! Me kake ajiyewa? Tulu 4 ne fa, ɓarawo biyu sun mayar maka da su. Ni in Gilius na ɗauka, yana cika nake nemo inda zan sauke, musamman in na san zangon dare na gaba, inda jarumai ke kwana gefen wuta ɓarayi su zo sata ka tashi ka ƙwace har da riba. In Tyris ce kuwa ina daurewa, ko da zan rasa ɗan jini, har sai manyan sun fito: ƙattan nan masu sanƙo da guduma da ake kira Bad Brothers, ko mai sulke da garkuwa da dogon takobi. Kuma ina jira duk su shigo fuskar allo kafin in danna, don babu takaicin da ya kai ka ƙona tulu 9 a kan mutum ɗaya, abokansa su shigo daga baya lafiya lau.

Wasan mutum biyu kuwa nan ake ɓata zumunci. A Golden Axe takobinka yana cin abokinka kamar yadda yake cin maƙiyi. Akwai wani yayan abokina da muke bugawa da shi a Mega Drive ɗin gidansu, wato na'urar gem ta gida ta Sega, kullum Ax yake ɗauka, kuma kullum yana manne da ni. Na riƙe mutum ina sara, sai in ji kafaɗa ta baya, na kife. In ce, "Yaya, ni ne fa ka buge." Ya ce, "To wa ya ce ka tsaya a hanyata?" Ɓarawo na fitowa kuma ya riga ni, ya kwashe tulu alhali nasa a cike yake, ni da ke riƙe da Tyris ina zaune da 2. Ranar da muka isa gaban Death Adder haka muka je hannu rabbana, ya buga gatari a ƙasa, muka ƙare a nan. Ku ji da kyau, ku masu wasa biyu: ɗaya ya riƙe sama, ɗaya ya riƙe ƙasa, kada ku haɗa layi sai dole. Tulu kuma na mai babban ma'auni ne. Nama na wanda jininsa ya fi ƙasa ne, ba na wanda ya fi saurin hannu ba. Wanda ba zai iya wannan ba ya je ya buga shi kaɗai, kada ya ɓata wa mutane yamma.

Dabbobin hawa ma ana shirme a kansu. Mai baki irin na tsuntsu, wanda ake kira Chicken Leg, aro shi aka yi daga Altered Beast, jela yake kaɗawa, sai an matso kusa yake amfani. Shuɗin dodo wuta yake fesawa gabansa kaɗan, jan kuma dunƙulen wuta yake harbawa nesa. Kada ka ruga hawa alhali maƙiya na tsaye a kai, za su sauke ka kafin ka zauna, kuma in aka yi ta kayar da mahayi dabbar guduwa take yi.

Rami rai guda yake ci ɗungurungum, komai cikar jininka. Amma yana cin maƙiya ma, kuma ba su da wayon kauce masa: tsaya ta yadda ramin zai shiga tsakaninku, ko ka bangaje su ciki. Kada ka bi ɓarawo har bakin gaɓa saboda tulu ɗaya, kwaɗayi mabuɗin wahala. Tsallaken gada kuma da gudu ake yinsa. Sukar sama, wato ka ruga, ka yi tsalle, ka soko ƙasa, tana da ƙarfi ƙwarai amma saurin kuskure gare ta, ni sai a kan manya masu nauyin jiki nake gwada ta. Sabon shiga ya fara da Gilius, gatarinsa ya fi kai wa nesa.

Saura masu zancen tarihin wasan ba su buga ba. Na injin sulalla da na Mega Drive ba ɗaya ba ne. A na injin gawar maƙiyi dutse take zama ta tsaya a fili, kuma wasan a kan Death Adder yake ƙarewa, har da barkwancin da miyagun ke fasowa daga cikin injin su bazama titi jarumai na bin su. Na Mega Drive an ƙara masa matakai da wani bos, Death Bringer, mai rakiyar ƙwarangwal biyu da bai kamata ka ɓata lokaci a kansu ba, kauce musu ka nufi ubangidansu. Sannan masu yanke wa jerin hukunci da Beast Rider na 2008, wanda ya fito a PlayStation 3 da Xbox 360 da Tyris ita kaɗai, babu wasan mutum biyu, sun kama reshe ne. A ganina wanda ya fi duka shi ne The Revenge of Death Adder na 1992, mai ɗaukar har mutum 4, inda tsoho Gilius ke zaune a kafaɗar ƙaton nan Goah. Ya shekara da shekaru bai shiga na'urar gida ba, sai a 2020 Sega ta sa shi cikin Astro City Mini, ƙaramar na'urarta mai siffar injin sulalla, shi ya sa da yawa ba su san shi ba. A Disamban 2023 kamfanin ya sanar da cewa sabon Golden Axe na tafe tare da Shinobi da Streets of Rage. Kafin nan, wanda ke bugawa a waya ya nemi hannun gem na gaske ya haɗa, don danna gaba sau biyu a kan gilashi ba ya fita daidai, kuma rabin dabarun da na lissafa a kan wannan gudun suke.